Yawun Sauro: Tarihin Wata 'Yar Jaka, Daga Ambursa Zuwa Garki

Kafin macen sauro ta sha jinin mutum, sai ta fara tofa masa yawu a ƙarƙashin fata. Ƙaiƙayi da ɗan kumburin da ke biyo baya martanin jiki ne ga wannan yawun. Namijin sauro ba ya cizo, ruwan furanni ya ishe shi abinci. Macen ce ke bukatar jini domin ƙwayayenta su nuna. A cikin ƙirjinta akwai 'yan jakunkuna biyu, kowace da rassa uku, waɗanda ido ba ya rarrabe su sai da madubin ƙara girma. Daga cikinsu yawun ke fitowa, kuma ta cikinsu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke bi ta shiga jikin ɗan Adam. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan sun nuna cewa Najeriya kaɗai na ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, da kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda yake kashewa, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Jakar yawun ƙwari ta yi wa kimiyya aiki iri biyu. Da farko ta zama allon da masana suka koyi karatun gado a kansa. Daga baya aka gano cewa ita kanta ma'ajiyar magunguna ce da ƙwaro ke amfani da su wajen rinjayar jikin wanda yake cizo. A tsakiyar wannan tarihi akwai wurare biyu na ƙasar Hausa: ƙauyen Ambursa da ke kusa da Birnin Kebbi, da gundumar Garki da ke Jihar Jigawa a yau.

Zaren da Balbiani ya gani

A 1881 wani masani Bafaranshe mai suna Edouard Balbiani ya tsaga jakar yawun tsutsar wani ɗan ƙwaro da ake kira Chironomus. Ƙwaron ya yi kama da sauro amma ba ya cizo, tsutsarsa ja ce, tana zaune cikin laka a gindin tafki. A cikin ƙananan ɗakunan da suka haɗa jakar, waɗanda masana ke kira sel, Balbiani ya ga wasu kaurarrun zare masu ratsin fari da baƙi, kamar saƙar gwado. Ya zana su, ya kuma lura da wasu wurare da zaren ya kumbura kamar zobe. Bai san mene ne ya gani ba, kuma aka shafe shekara hamsin ba a ba zanensa muhimmanci ba.

A 1933 ne amsar ta fito. Theophilus Painter na Jami'ar Texas a Amurka ya nuna cewa irin wannan zare da ke jakar yawun tsutsar ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila, shi ne kuromosom, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa. A sauran sassan jiki zaren siriri ne ƙwarai, da ƙyar ake ganinsa. A jakar yawu kuwa, sel ɗin ba ya rabuwa gida biyu kamar yadda aka saba. Sai zaren ya yi ta kwafin kansa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har sau goma, a samu zare kusan 1,024 manne da juna gefe da gefe kamar igiyar da aka tufka. Dalilin haka a fili yake: tsutsar na bukatar yawu mai yawa cikin ɗan lokaci, don haka ta tara kwafin umarnin yin sa da yawa a wuri ɗaya. A 1935 Calvin Bridges ya zana taswirar waɗannan ratsi, ya raba su yanki 102, kowane da lambarsa. Daga nan mai bincike zai iya nuna wuri a kan zare ya ce ga mazaunin hali kaza.

Zoben da Balbiani ya gani ya jira wani Bajamushe, Wolfgang Beermann. A 1952 ya kawo hujjar cewa kumburin alama ce ta ƙwayar gado da ke bakin aiki: zaren ya warware a wurin domin a karanta abin da ke rubuce. A 1961 ya tabbatar da haka ta hanya mai sauƙin fahimta. Akwai Chironomus iri biyu masu kusanci da ke iya barbara da juna. Ɗayan yana da wasu 'yan ƙwayoyi a yawun da wasu sel na musamman ke fitarwa, kuma a cikin waɗannan sel ɗin akwai ƙarin zobe ɗaya a kuromosom na huɗu. Ɗaya irin ba shi da ƙwayoyin, ba shi da zoben. Da Beermann ya haɗa su aure, sai ya ga ƙwayoyin yawun da zoben suna tafiya tare daga iyaye zuwa 'ya'ya. Wannan na cikin lokutan farko da aka ɗaura wani abu da jiki ke sarrafawa a kan takamaiman wurin da ido ke gani a zaren gado. Bincike na baya ya nuna cewa manyan zobban Balbiani su ne ke ba da umarnin yin dogayen furotin da tsutsar ke saƙa bututun da take zama ciki a laka, kamar yadda tsutsar siliki ke saƙa gidanta. Tsutsar Drosophila kuwa manne take yi da nata yawun, ta liƙe kanta a jikin wani abu kafin ta rikiɗe ta zama ƙuda.

Ambursa, 1955

Tun kafin a fahimci zaren, an riga an kama jakar yawu da laifi. A 1897 Ronald Ross, likitan sojan Ingila a Indiya, ya ga ƙwayar zazzaɓi a jikin tumbin sauro. A 1898, yana aiki da zazzaɓin tsuntsaye a Kalkata, ya bi sawun siraran 'ya'yan cutar har ya same su cunkushe a jakar yawu. A daidai wannan lokaci Giovanni Battista Grassi da abokansa a Italiya suka nuna cewa sauro jinsin Anopheles ne ke yaɗa zazzaɓin mutane. A Afirka kudu da Sahara, babban mai laifin shi ne wanda aka raɗa wa suna Anopheles gambiae, kuma fiye da shekara hamsin ana ɗaukarsa halitta guda.

Bayan yaƙin duniya na biyu, maganin feshi na DDT ya sa duniya ta yi zaton ƙarshen zazzaɓi ya zo. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar baki ɗaya. Shekara guda kafin haka, a 1954, an fara wani gwaji a yammacin lardin Sakkwato, a ƙasashen Gwandu da Argungu, domin a ga ko feshin bangon ɗaki zai katse yaɗuwar cutar a ƙasar da sauro ya yi katutu. An raba yankin kashi uku, kowane da maganinsa: DDT, da dildirin, da BHC. Hikimar feshin bango ta dogara ne a kan ɗabi'a guda: idan macen sauro ta ƙoshi da jini, nauyi kan hana ta tafiya mai nisa, sai ta sauka a bango ko rufin ɗaki ta huta, nan maganin zai kama ta.

Ba a cika shekara biyu ba aka ga sauro na zama a bangon da aka fesa wa dildirin ba tare da ya mutu ba. A 1955 aka tabbatar da hakan a Ambursa, kuma shi ne karo na farko da aka samu Anopheles gambiae yana jure wannan magani. Aka aika irinsa zuwa Cibiyar Ross da ke Landan, inda George Davidson ya shiga haɗa shi da sauron wasu wurare da maganin ke kashewa. A 1956 ya wallafa sakamakon: juriyar gado ce, ƙwayar gado guda ce ke ɗauke da ita, tana bin ƙa'idar da Mendel ya gano a cikin wake. Ma'anar wannan ga masu feshi mai ɗaci ce. Duk feshin da ya kashe marasa juriya ya share wa masu juriya fili ne su hayayyafa.

Akwai abu na biyu da ya fito daga kejin Davidson wanda ba shi aka je nema ba. A wasu haɗe-haɗen, 'ya'ya mazan da aka samu ba sa haihuwa, kamar yadda alfadari ba ya haihuwa saboda jaki da goɗiya ba iri ɗaya ba ne. Bayan shekaru na gwaji, a 1962 Davidson da abokiyar aikinsa Jackson suka bayyana cewa sauron da ake kira da suna ɗaya ya kasu aƙalla gida biyu, suka kira su A da B. Daga baya A ya riƙe sunan gambiae, B ya zama Anopheles arabiensis. A ido, ko a ƙarƙashin madubi, ba a iya bambance su: fiffike ɗaya, ƙafa ɗaya, baki ɗaya. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa. Bambancin kuwa yana da tasiri, domin arabiensis ya fi jure fari, ya fi yarda ya ciji shanu idan ya same su, ya kuma fi yawan hutawa a waje.

Matsalar ita ce gane kowane iri na bukatar kiwon sauro da haɗa aure da jiran 'ya'ya, aikin makonni. Wani matashin masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya koma ga dabarar Painter. A 1967 shi da Adriana Sabatini suka nuna cewa idan aka matse jakar yawun tsutsar sauro a kan gilashi aka rina ta, jerin ratsin da ke kuromosom ɗin jinsi ya bambanta tsakanin A da B. A 1968 Coluzzi ya gano cewa akwai irin waɗannan kaurarrun zare a cikin mahaifar macen da ta sha jini ƙwayayenta suka fara girma. Wannan ya sauƙaƙa aiki matuƙa: ana iya kama sauro a ɗaki ko a rumbu ko a rami, a karanta zarensa, a san irinsa da inda ya zaɓa ya kwana.

Abin da Garki ya koyar

A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa shirin kawar da zazzaɓi bai cim ma burinsa ba. A wannan shekarar ce hukumar da gwamnatin Najeriya suka fara shirya wani bincike a gundumar Garki, a Jihar Kano ta wancan lokacin, wanda ya ɗauki har zuwa 1976. Tambayar ita ce: idan aka yi duk abin da ya kamata, da kuɗi da ma'aikata da kulawa, za a iya katse zazzaɓi a irin wannan ƙasa ta savana? An ƙidaya ƙauyuka 164, aka zaɓi 22 domin bibiya ta kusa, ana ɗibar jinin mazauna duk bayan mako goma. Daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1972 an auna yadda abubuwa suke kafin a taɓa komai. A daminar 1972 da ta 1973 aka fesa wani magani mai ƙarfi, furofokso, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da raba wa kowa da kowa maganin zazzaɓi.

Ma'aunin farko kaɗai ya isa abin tsoro. A wasu ƙauyukan mutum guda kan samu cizo mai ɗauke da cuta fiye da 100 a shekara, kusan duka a cikin damina. Feshin ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da kimanin kashi 90 cikin 100, amma yawan masu ɗauke da ƙwayar cutar a jini ya ragu da kusan kashi 25 kacal. Inda aka haɗa feshi da magani, cutar ta yi ƙasa sosai, mutuwar jarirai ta ragu, amma yaɗuwar ba ta tsaya ba, kuma da aka daina sai ta koma inda take. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia sun tattara rahoton a littafin da hukumar ta buga a 1980, wanda har yau masu lissafin yaɗuwar zazzaɓi ke komawa gare shi.

Me ya hana feshin cin nasara, alhali sauron bai jure maganin ba? Wani ɓangare na amsar ya fito daga zaren gado. Coluzzi da abokansa sun lura cewa ko a cikin iri guda, wasu sassan kuromosom a juye suke: kamar a yanke wani yanki na carbi a maido shi kai a ƙasa, duwatsun suna nan amma jerinsu ya sauya. Ƙwayoyin gadon da ke cikin irin wannan yanki ba sa saurin cakuɗuwa, sai su riƙa tafiya dunƙule daga zuriya zuwa zuriya. A takardar da suka wallafa a 1979 sun nuna cewa yawan waɗannan juye-juye na sauyawa daga kurmin kudancin Najeriya zuwa busasshiyar arewa. Wanda ake kira 2La, misali, ƙalilan ne a kudu, amma a arewa kusan kowane gambiae na ɗauke da shi, kuma gwaje-gwajen baya sun danganta shi da jure zafi da bushewa. Sun kuma ga cewa sauron da aka kama yana hutawa a ɗaki da wanda aka kama a waje ba su da rabo ɗaya na waɗannan juye-juye.

Wato ɗabi'ar kwana a ɗaki ko a waje na da tushe a gado. Masu tsara feshi sun ɗauka kowace macen sauro kan huta a ɗaki wani dare, ta huta a waje wani dare, don haka ko ba jima ko ba daɗe za ta taka bangon da aka fesa. Idan kuwa akwai wani rukuni da kusan kullum yake cizo ya fice, to wannan rukunin zai tsira, ya rayu har ƙwayar cutar ta gama girma a cikinsa, abin da ke ɗaukar kwana 10 zuwa 14, ya ci gaba da raba ta. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone idon shirin. A 2013, shekara guda bayan rasuwar Coluzzi, aka sake raba gambiae gida biyu, aka sa wa ɗayan suna Anopheles coluzzii.

Irin wannan karatu ya yi amfani a wani yaƙin. Baƙin ƙudan bakin kogi mai yaɗa cutar makanta shi ma an ɗauke shi iri guda. A 1975 Charles Vajime, ɗan Najeriya da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma daga baya ya zama shugaban farko na Jami'ar Jihar Binuwai, tare da Robert Dunbar, suka yi amfani da zaren jakar yawun tsutsar ƙudan suka rarrabe iri takwas. Bambance na savana, inda makanta ta fi tsanani, da na kurmi ya taimaka wa shirin yaƙi da cutar da aka fara a Afirka ta Yamma a 1974 wajen sanin kogunan da za a fi mayar da hankali a kansu.

Abin da ke cikin yawun

Duk wannan lokaci ana amfani da jakar ne kamar taga, ba a cika tambayar abin da yawun ke yi ba. Jikin mutum na da kariya uku idan jijiya ta huje: jijiyar ta tsuke, wasu ƙananan ƙwayoyin jini su taru su toshe ramin, sannan jinin ya daskare. Sauro na da daƙiƙu kaɗan kafin a ji shi a mare shi, don haka dole ya karya ukun a lokaci guda. A farkon shekarun 1980 José Ribeiro da Philippe Rossignol da Andrew Spielman a Jami'ar Harvard suka yanke bututun yawun sauro, suka ga har yanzu yana iya shan jini, amma yana daɗewa yana lalube kafin ya samu jijiya. Sun gano wani sinadari, afirez, da ke lalata saƙon da ke kiran ƙwayoyin toshiya. Suka kuma lura cewa sauron da ƙwayar zazzaɓi ta cika wa jaka yana da ƙarancin wannan sinadari, sai ya fi daɗewa yana soke-soke, abin da ke ƙara wa cutar damar shiga.

Daga nan jerin ya yi ta tsawo. Akwai anofelin, wanda ke hana jini daskarewa. Akwai dangin furotin da ake kira D7, masu tsotse sinadaran da ke jawo zafi da ƙaiƙayi, domin kada wanda ake cizo ya farga da wuri. A 1999 Bruno Arcà da abokansa a Jami'ar Rum, Coluzzi na cikinsu, suka fara kamo ƙwayoyin gadon da ke ba da umarnin furotin ɗin yawun gambiae ɗaya bayan ɗaya. A 2002 aka kammala karanta dukkan rubutun gadon wannan sauro, kuma zuwa 2005 an lissafa furotin ɗin yawunsa kimanin 70. Da yawansu har yau ana neman aikinsu. Da aka kwatanta rubutun gadon Anopheles iri 16 a 2015, sai aka ga ƙwayoyin gadon yawu na cikin masu saurin sauyawa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne garkuwar jikin wanda ake cizo tana koyon gane furotin ɗin, don haka sauron da yawunsa ya ɗan sauya kama yana da riba.

Sawun cizo a cikin jini

Wannan koyo na garkuwar jiki ya buɗe wata ƙofa. Hanyar da aka fi dogara da ita wajen auna yawan cizo tsohuwa ce: mutum ya zauna da dare ya buɗe ƙafafunsa, duk sauron da ya sauka ya zuƙe shi da bututu. Haka aka yi a Garki. Aiki ne mai tsada da wahala, yana kuma jefa mai yin sa cikin haɗarin kamuwa. Amma duk wanda Anopheles ya ciza, jikinsa kan ƙera makaman kariya ga furotin ɗin yawun. Ɗaya daga cikinsu, gSG6, na Anopheles ne kawai: babu shi a sauron kwata mai kuka a kunne, babu shi a sauron shawara. Makaman da jiki ke yi masa kuma ba sa daɗewa, suna hawa da damina su sauka da rani. Binciken da aka wallafa daga Senegal a 2008 da Burkina Faso a 2011 ya nuna cewa ɗigon jinin yatsa na iya nuna yawan cizon da al'umma ke sha, wani kuma daga Angola ya nuna matakin na sauka bayan an raba gidan sauro. Ma'aunin ya fi aiki a kan jama'a fiye da mutum ɗaya, kuma bai maye gurbin kamun sauro ba, domin ba ya faɗin iri ko juriyarsa ga magani.

Amfanin irin wannan ma'auni ya fi fitowa a wuraren da dare ya zama abin tsoro. A yammacin Jihar Katsina, a ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke gefen dajin Rugu, garuruwa irin su Yasore sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga. Babu hukumar da za ta tura ma'aikaci ya kwana a fili da tocila yana kamun sauro a irin wannan yanayi. Kuma daidai nan ne tambayar Garki ta fi nauyi. Gidan sauro da feshin bango kariya ce ga mai kwana a ɗakinsa. Wanda ya tsere ya kwana a gona ko a daji, ko wanda ya yi gudun hijira ya samu mafaka a makaranta ko kangon gini, ya fita daga inuwarsu. Tun 2013 ake ba yara ƙanana maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata a lokacin damina a Jihar Katsina, kuma wannan na kare yaro ko ina ya kwana, matuƙar mai rabon ya iso gare shi. Sanin ko ragowar kariyar na aiki a irin waɗannan garuruwa na bukatar ma'aunin da za a ɗauka da rana a ɗakin shan magani, kuma sawun yawu a jini na cikin 'yan hanyoyin da za su iya ba da shi.

Akwai masu hangen da ya wuce aunawa. Idan jiki zai koyi kai wa yawun farmaki a daidai wurin cizo, watakila ya dagula wa duk cutar da ta biyo yawun hanya. A 2017 aka gwada wata allura da aka haɗa daga guntayen furotin huɗu na yawun gambiae a kan manya 49 a Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna ba ta da illa mai tsanani kuma ta tayar da garkuwar jiki. Wannan matakin farko ne kawai, bai nuna tana hana zazzaɓi ba.

Allurar da ta riga ta iso Najeriya wata ce daban, amma ita ma daga jakar yawu labarinta ya faro. R21, wadda aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, tana koya wa jiki gane furotin ɗin da ke lulluɓe da siraran 'ya'yan cutar, waɗanda Ross ya gani a 1898, domin a tare su tsakanin fata da hanta. An zaɓi Kebbi ne saboda binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 49 cikin 100, na ɗauke da ƙwayar cutar, adadi mafi yawa a ƙasar. Wannan ita ce ƙasar da aka fara feshin gwaji a 1954. A halin yanzu kuma sauro a sassa da dama na arewa ya jure sinadarin da aka daɗe ana jiƙa gidan sauro da shi, sannan a 2020 an samu wani baƙon iri daga Asiya, Anopheles stephensi, mai hayayyafa a tankunan ruwa na birane, a Jihar Gombe. Kowane sabon makami, allura ko gidan sauro mai sinadari biyu, zai gamu da abin da dildirin ya gamu da shi a Ambursa da abin da furofokso ya gamu da shi a Garki: sauro mai iri-iri, wanda gadonsa ke sauyawa a ƙarƙashin matsi, wanda dole a ci gaba da auna shi gari bayan gari, har da garuruwan da isa gare su ya yi wuya.